Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Man Bilicin

Zuwa ga Mai Girma Man Bilicin,
Sarkin Gaban Madubi, Ɗan Lelen Akwatin Lefe,
Ta hannun masu haɗi, ko'ina suke.



Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalanka baki ɗaya: sabulu, da ƙwaya, da allura, da autarku filtar waya, wadda aka haifa jiya jiya amma har ta fi ku shiga gidaje. Ina gajiya? Yaya kasuwa? Na san tambayar neman lada ce kawai, kasuwa kam ta yi albarka. Mu ma nan lafiya lau, sai dai abin da ba a rasa ba, kuma yawancin abin da ba a rasa ɗin kai ne.

Ranka ya daɗe, wannan ita ce wasiƙata ta uku zuwa gare ka. Ta farko a zuci na rubuta ta, ina 'yar shekara 14, ranar da wata gwaggonmu ta ƙare mini kallo a gidan biki, ta juya ta ce da mahaifiyata, "Wannan kam sai an dage da addu'a." Ta biyu da baki na karanta maka ita a ɗakin ƙanwata, kana zaune a gaban madubi, murfinka a buɗe, ba ka ce uffan ba. An ce mini ba ka da kunne. Na yarda. Amma tunda kana iya bambance aljihun Hajiya da na 'yar talla, lallai kana da ido, shi ya sa wannan karon na sa a takarda.

Kafin ƙorafi, bari in ba ka girmanka. Wata takarda da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2011 ta ce kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya suna amfani da kai. Ɗan siyasar da ya samu ƙuri'a haka, sai ya yanka shanu. Kai kuwa ba ka yi kamfe ba, ba ka raba atamfa ko taliya ba, mu ne ma muke biyan ka. To, mai irin wannan mulki ya kamata ya riƙa sauraron talakawansa.

Ƙorafina na farko a kan fim ne. Tun da aka yi Turmin Danya a 1990 nake jin labarin fim ɗin Hausa, na girma a gabansa tun yana kaset, ya koma faifai, yau ga shi a YouTube. Ina son sa, kada ka ɗauka ina cikin masu cewa 'yan fim ne suka ɓata tarbiyya. Amma ka zauna ka kalli fim goma a jere, ka gaya mini wace ce ake rera wa waƙa a cikin lambu, wace ce kuma take shigowa da tire ta durƙusa ta ce "Hajiya, an gama abinci." Ban ce kowane fim ba, akwai jarumai baƙaƙe da suka yi suna da ƙarfin iyawarsu, Allah ya ƙara musu. Amma ƙa'idar a bayyane take, ko yaro ya haddace ta. Idan labarin 'yar ƙauye ne da za ta auri ɗan mai kuɗi, za a fara nuna ta an shafa mata baƙi a fuska, an ɗiga mata kwalli a goshi, tana magana kamar wadda ba ta da hankali. Ranar da arziki ya zo, sai ka ga ta wanke ta koma fara sol, har Hausarta ta gyaru. Wato talauci da ƙauyanci da baƙi abu guda ne, wanka ɗaya ke fitar da su.

Shi kuwa jarumin, wa ya taɓa tambayar launinsa? Ya zama baƙi wuluk, ba komai, in dai akwai makullin mota a hannunsa da shadda mai maiƙo. Namiji da aljihunsa ake auna shi, mace da fatarta, kuma kai ne ma'aunin.

Ƙanwata ta taɓa zuwa gwaji a wani kamfanin fim da ba zan kama sunansa ba. Ta haddace abin da aka ba ta, ta yi kukan da aka ce ta yi har wanda ke riƙe da fitila ya share hawaye. Da aka gama, sai mai shirin ya ce, "Wallahi kin iya, sai dai kyamara ba ta son ki. Ki je ki ɗan gyara jikinki ki dawo." Ranka ya daɗe, ka san ma'anar "gyara jiki" fiye da kowa, domin daga nan wajenka ta nufa. Ni kuma tun ranar nake mamakin wannan kyamara mai so da ƙi. Ashe abin da aka koya mata ne. Shekaru da dama kamfanin Kodak na Amurka yana daidaita launin hotunansa da hoton wata Baturiya, har sai da masu sayar da cakulan da masu kayan katako suka yi ƙorafin cewa hajarsu ba ta fitowa da kyau a hoto, sannan aka gyara. Ka ji fa. Kujera da alewa sun riga baƙar mace samun mai jin kukansu. Yau kuma kyamarar ta iya ɗaukar kowa, abin da ya rage shi ne mai fitila ya koyi haska baƙar fuska, amma ya fi sauƙi a tura yarinya kasuwa.

Ƙorafi na biyu, littafi da waƙa. Nan kam sai in sunkuyar da kai, domin yawancin littattafan soyayya mu mata ne muke rubuta su, mu ne muke karantawa, da a takarda, yanzu a WhatsApp. Ka buɗe shafin da ake siffanta tauraruwar labari, kafin ka karanta ka san abin da za ka tarar: doguwa, fara tas, dogon hanci, gashi har gadon baya, in ka gan ta sai ka rantse Balarabiya ce ko 'yar Indiya. In marubuciya ta so yin adalci, sai ta ce wankan tarwaɗa, ta yi sauri ta ƙara da cewa amma mai haske. Baƙar kuwa tana nan, ita ce ƙawar da ke kai saƙo, ko kishiyar da ke bin bokaye. Mawaƙa su ɗauka daga nan, 'yan gari su ƙarasa da kirari: farar mace alkyabbar mata, farar mace lantarkin gida. To mu sauran fa, aci-balbal?

Har harshen ma ya taya ka aiki tun kafin a ƙera kwalbarka. Farin ciki da baƙin ciki, farin jini da baƙin jini, farar aniya da baƙar aniya, baƙar magana, baƙar wahala. Na san ba don fata aka yi waɗannan kalmomi ba, kuma ba ni da niyyar kai ƙarar Hausa kotu. Amma yarinya 'yar shekara 6 ba malamar harshe ba ce. Ta ji duk abin ƙi baƙi ne, sannan a tsakar gida a kira ta "ke baƙa," lissafin da za ta yi ba mai wuya ba ne.

Na uku, asalinka. Kana son a ce kai baƙo ne daga Turai, don a ɗora wa Bature laifi a huta. Yana da nasa kason, babba ma. Amma mu nan ta Bombay ka fi shigo mana. Sama da shekara 60 ke nan fina-finan Indiya suna tashe a Kano, daga silimun Plaza da Orion da Marhaba, zuwa talabijin, zuwa fassarar da ake yi yau, kuma a can ma jarumar fara ce alhali miliyoyin matan ƙasar baƙaƙe ne kamar ni. A can aka haifi yayanka Fair & Lovely a 1975. Shah Rukh Khan da 'yan matanmu ke mutuwar so, shi da kansa ya yi tallan ɗan'uwanka na maza, Fair and Handsome. Da duniya ta yi caa a 2020 bayan kisan baƙar fatan nan na Amurka, George Floyd, sai yayan naka ya je ya yi sabon suna, ya koma Glow & Lovely. Sunan kawai aka yanka wa rago, mai jegon tana nan yadda take.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, da ka iso ka tarar an share maka ɗaki an yi shimfiɗa. Tun zamanin kakanninmu, macen da rana ba ta taɓawa ita ce wadda mijinta ke da halin ajiye ta a cikin gida. Wadda rana ta dafa ita ce ta gona, ta rafi, ta itace, ta talla, a da can kuma baiwa da kuyanga. Shi ya sa har gobe in mace ta yi aure a gidan wadata, aka gan ta bayan wata uku, ba a cewa ta yi ƙiba kawai, sai a ce ta yi haske, hutu ya karɓe ta. Hasken nan takardar shaida ce cewa ba ki shan wahala. Abin da kake sayarwa ke nan, ranka ya daɗe: takardar shaidar hutu ta jabu, ga matan da ba su taɓa hutawa ba.

Wannan ya kawo ni ga ƙorafi na huɗu, wanda ya fi ci mini rai. Kana da fuska biyu, kana da farashi biyu. A watan Nuwamban 2018 Ba'amurkiyar nan Blac Chyna ta sauka a Legas don tallan wani ɗan gidanku da a lokacin ake sayar da kwalba ɗaya dala 250. Masu hali suna da irin wannan, suna da allurar gulutatayon da ake ɗaura musu kamar ƙarin ruwa, suna da likitan fata, da mota mai sanyi da baƙin gilashi, ba su haɗuwa da rana sai a hoto. Ban ce sun tsira ba, amma in ta ɓaci suna da kuɗin gyara. 'Yar talaka kuwa sai ta tafi shagon mai haɗi, a ɗauko roba marar suna, a matse tub uku, a zuba wani ruwa daga kwalbar da aka kankare rubutunta, a juya da cokali, a ce mata sati biyu za ki ga aiki. Ta shafa, ta fito ta tsaya jiran adaidaita a ranar watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ga shi ka riga ka kashe mata melanin, sinadarin da Allah ya sa a fata don ya tare mata wannan ranar.

Na san kayan cikinka, kada ka ɗauka ban bincika ba. Akwai haidirokwinon, mai hana fata yin launinta, wanda in aka daɗe ana shafawa sai ya juyo ya bar baƙin tabo a kumatu wanda ya fi na asali duhu, kuma ba ya jin magani. Akwai sitiroyid, maganin da likita ke bayarwa na 'yan kwanaki don ciwon fata, kai kuma ka mai da shi man kullum, yana sa fata ta yi siriri har jijiyoyi su fito kore, nankarwa ta tsage cinya da hannu, ƙuraje su feso, ciwo ya ƙi warkewa. Akwai zaiba, wadda likitoci ke kira makuri, mai bi ta fata ta sauka a ƙoda, ta taɓa jijiya, ta kai har ga ɗan da ke ciki. Kuma duk wadda ta ce za ta rabu da kai, sai ka rama, ta koma ta fi da duhu, ta dawo tana ba ka haƙuri. Ko mugun miji sai haka.

Ƙanwata shekara 4 ta yi da kai. Fim ɗin ba ta samu ba, domin da ta koma an ce yanzu kuma fuskarta ta yi ja da yawa. Da ta zo haihuwar fari aka yi mata aiki, ɗinkin ya ƙi kamawa, sai da ta yi makonni tana zaryar wankin ciwo. Ma'aikaciyar jinyar ta dube ta sau ɗaya ta ce, "Kina shafe-shafe ko?" A gaban surukarta ta faɗa. Yau in za ta fita biki, sai ta zana lalle har gaɓoɓin yatsu don ta rufe baƙin da ka bari a wurin, kamar sa hannun da ka yi a kan aikinka.

Ƙorafi na biyar, dariya. Tun 1976 Fela ya yi waƙar Yellow Fever yana yi wa masu shafa ka shaguɓe, kuma daga ranar zuwa yau ba a fasa ba. Mai barkwanci a TikTok ya ce fuska Fanta ƙafa Coke. Mai wa'azi ya hau mumbari ya yi awa guda a kan mata masu canza halittar Allah. Ban musa masa ba, amma ban taɓa jin ya ware ko minti biyar ga saurayin da ya aika gidan su yarinya cewa shi fara yake so ko mayya ce ba, ko uwar da ta ce ɗanta ba zai kawo mata baƙar jika ba, ko mai shagon da ya ce a samo masa yarinya "mai kyan gani" ta zauna a kanta, kowa kuma ya san abin da yake nufi. Samarin majalisar da ke ƙyalƙyala dariya in mai kala biyu ta wuce, su ne jiya suka bar baƙar unguwarsu ta wuce ba wanda ya ɗaga kai. In ta zauna yadda take, ta yi kwantai. In ta shafa, ta zama abin dariya. Kai kuwa da ka karɓi kuɗin, ba wanda ya taɓa yi maka waƙa.

Wata lauya Ba'amurkiya, Kimberlé Crenshaw, ta yi bayanin irin wannan matsi a 1989, ta kwatanta shi da mai tsayuwa a mararraba, mota na iya zuwa mata ta kowace hanya. Misalin da ta kawo shi ne na wasu mata baƙaƙe biyar da suka kai kamfanin General Motors ƙara, aka yanke hukunci a 1976. Kamfanin yana ɗaukar mata, amma farare, yana ɗaukar baƙaƙe, amma maza, sai kotu ta ƙi yarda a haɗa kukan biyu wuri guda, ta ce su zaɓi ɗaya. Ƙanwata ba ta taɓa jin sunan wannan lauya ba, amma ta san mararrabar, a nan take tsaye: mace ce, baƙa ce, 'yar talaka ce. Cire ɗaya daga cikin ukun, da ba ka same ta da arha haka ba. Can ma a Hollywood tire ɗin dai shi ne. Baƙar fata ta farko da ta ci kyautar Oscar, Hattie McDaniel, a 1940, 'yar aiki ta fito, kuma a daren bikin a wani teburi na gefe aka ajiye ta. Bayan shekara 72 Octavia Spencer ta ci, ita ma 'yar aiki. A 2014 Lupita Nyong'o ta ci, a matsayin baiwa, kuma ita da bakinta ta ba da labarin yadda tana yarinya take roƙon Allah ta wayi gari ta ɗan yi haske. Da na ji wannan, sai na tuna addu'ar da gwaggo ta ce a dage da ita.

Yanzu bari in faɗi abin da ban taɓa gaya wa ko ƙanwata ba. Ni ma na taɓa shafa ka. Sati uku, lokacin da nake neman aiki a wani ofis. Abin da ya sa na tsane ka har yau shi ne ka yi aiki. Mai adaidaita da ya saba ce mini "ke" ya koma "Hajiya." Mai gadin ofishin ya miƙe ya buɗe mini ƙofa. Wata ƙawar mahaifiyata ta riƙe hannuna ta ce, "Ashe ke ma kyakkyawa ce." Ashe! Na koma gida na zauna a bakin gado na yi kuka, na jefa ka a masai. Don haka ba zan taɓa ce wa masu shafa ka wawaye ba. Sun karanta garin daidai, kuma ni ma da ban ji tsoron ƙodata ba, Allah kaɗai ya san inda zan tsaya.

Na ji an ce hukuma ta taso maka. Kwaddibuwa ta hana ka a 2015, Ghana ta hana haidirokwinon a 2016, Ruwanda ta bi shaguna tana kwashe ka, a nan gida kuma NAFDAC ta ayyana ka a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a 2023. Na taya ka jaje, ko da yake na ga ko a jikinka. Ka koyi dabarar yayanka na Indiya, kullum da sabon suna. Yau kai ne "ogani," gobe "haɗin amare," jibi "gyaran fata." Ba wadda ke bilicin a garin nan, kowa kalarta take fito da ita. Har dilka da halawa da kurkum, da iyayenmu suka sani don laushin fata da ƙamshi, ka bi ka shiga cikinsu ka ɓoye. Jami'i zai iya kwashe kwalabe a kanta, amma ba shi da ikon shiga ɗakin da ake zaɓen jaruma, ko zauren da ake zaɓen amarya, kuma can ne ake sabunta maka lasisi.

Haƙurina ya kusa ƙarewa, ranka ya daɗe, takardar ma haka, saura magana ɗaya. 'Yar ƙanwata, wadda aka sha wahalar ɗinki a kanta, ta shiga shekara 6. Launina ta ɗauko. Watan jiya na je gidan na tarar da kakarta ta wajen uba tana cewa a riƙa ɗiga mata kaɗan daga cikinka a cikin basilin, wai tun tana ƙarama ya fi kamawa, kada ta taso 'yan'uwanta su fi ta farin jini. Yarinyar tana zaune a tabarma tana jin mu, da wayar uwarta a hannu, ta danna filtar nan autarku, tana kallon wata farar yarinya mai kama da ita tana yi mata murmushi. Ta ɗago ta ce, "Anti, kin ga na yi kyau?"

Ban roƙe ka ka bar gari ba, na san ba za ka bari ba, masu riƙe maka ƙafa sun fi ni ƙarfi. Ka ci uwar, ka ɗanɗani yayar uwar. Wannan ɗayar dai ka bar mana ita. Robar basilin ɗin tana hannuna, na ɗauke ta a jakata ranar, kuma na gaya wa kakar ba zan mayar ba.

In ka ga damar amsawa, adireshina bai canza ba, launina ma haka.

Wassalam.

Ni ce,
Tsohuwar abokiyar cinikinka ta sati uku,
daga Kano.